Mutuwar da Aka Yi wa Tafi

Talata ce, tsakiyar Sha'aban. Bayan sallar asuba Abla Safiyatu ta ji mota ta tsaya a ƙofar gida, ta ji an buga ƙofar motar sau biyu, don ta direba ba ta kamawa a bugun farko. Ta ɗora shayi. Ita ce a hawan ƙasa na gidansu da ke unguwar Al-Aziziya a Madina. Ɗanta Lurwanu da matarsa Nadiya da 'yarsu Rumaisa suna sama. Al'adarsa ce in ya fito daga masallaci ya bi ta wurin mai tanda ya sayo gurasar tamis da dafaffen waken ful, ya karya a wurinta kafin ya hau.

"Sabahul khair, ya Ummi."

"Ka tashi lafiya?"

Haka suke magana tun ya shiga makaranta: ita ta yi Hausa, shi ya amsa da Larabci. Hausar tana nan a bakinsa, amma sai in zai yi barkwanci yake ciro ta.

Ya ci rabin tamis ya ture sauran, ya ce kafaɗarsa ta hagu ta yi tsami, wataƙila kwanciya ce. Ta ce ya rage sanyin ɗakinsu. Sai ya ciro takardun wasan daga aljihu. Wasan talabijin ne da ake sauri a gama kafin azumi.

"Yau zan mutu, Ummi."

"Ai kullum mutuwa kake yi."

"Ta yau ta fi kyau. Dillalin gonaki ne ni, na cinye gonar marayu. A tsakiyar dabino zan ɗaga hannu in ce," ya ɗaga hannun, ya sauya murya har jijiyar wuyansa ta fito, "'Wallahil azim gonar nan tawa ce, in ƙarya nake kada Allah ya kai ni magariba!' Sai in faɗi."

Ta ajiye kofinta. "Kada ka ƙara rantsuwa da Allah a kan ƙarya a ɗakina."

"Ba ni ba ne, dillalin ne."

"Da bakin wa ya rantse?"

Ya yi dariya, ya sumbaci goshinta. Ta ce tunda Ƙuba za su, ya taho mata da na'ana'a, ta gona, ba wadda ake ƙullawa a leda ba. Ya ce a kan idonsa, wato zai kawo.

Da hantsi ya sauko da Rumaisa zai ajiye ta a jami'a. Ya kai mota ya dawo, ya manta waya. Safiyatu ta gan shi ta taga yana hawa matakala bibbiyu, daga bisani ya tsaya a tsakiya ya dafa bango kaɗan, sannan ya ci gaba. Ta gani, ba ta ba shi wata fassara ba.

Da azahar ya kira Nadiya ya ce darakta ya ɗage ɗaukar zuwa bayan la'asar, yana so rana ta yi ja a kan dabino. Ita Safiyatu ta kaɗa miyar kuka da kukar da wata mai umara ta kawo mata daga Haɗeja, ta ware tasa a ƙaramar tukunya. Ta yi la'asar, ta zauna tana karatunta na yamma.

Rana ta fara sauka sai wayarta ta yi ƙara. Hoto ne a zauren iyali, daga lambar Lurwanu. Ga shi nan a kife cikin turɓaya tsakanin kututturan dabino biyu, mayafin kansa ya rufe rabin fuskarsa, takalmi ɗaya ya fita. A ƙarƙashi an rubuta: "Na sake mutuwa. A ajiye min abincina." Ba wanda ya yi mamaki. Haka yake yi duk ranar da aka kashe shi a wasa: ya rubuta saƙon ya ajiye, ya ba mai kwalliya wayar, ya ce da zarar ya faɗi a ɗauka a tura.

Ƙanensa Hamid ya turo fuskokin dariya. Rumaisa ta ce, "Baba, takalminka." Safiyatu ba ta cika sa baki a zauren ba. Ranar nan ta danna, ta kai wayar bakinta ta ce, "In ka gama mutuwar, kada ka manta da na'ana'a." Ta tura, ta ajiye wayar, ta tashi yin alwala.

*

Sunansa a takarda Ridwan, amma kakarsa ta ce Lurwanu, kuma shi ya bi shi a gida. Kakannin Safiyatu da ƙafa suka zo hajji ta Sudan, suka yi ziyara Madina, ba su koma ba. Ita a nan aka haife ta, a nan ta yi karatu har jami'a, ta koyar da ilimin sinadarai a sakandaren 'yan mata har ta yi ritaya; shi ya sa ake ce mata Abla, kamar yadda ake kiran malamai mata. Mijinta Yahya ma'aikacin gidan waya ne, ya rasu Lurwanu yana shekarar ƙarshe a jami'a.

Abubuwa da yawa na kakanni sun zube a hanya, amma kunyar ɗan fari ba ta zube ba. Safiyatu ba ta taɓa kiran Lurwanu da sunansa ba. Yana ƙarami "Yayan Hamid" take cewa, da ya haihu ya zama "Baban Rumaisa." Ba ta yaba masa a gaban mutane, ba ta ɗauke shi a gaban surukai. Ƙawayenta malamai Larabawa sun daɗe suna mata ba'a: mace mai digiri, tana zana ƙwayoyin zarra a allo, amma sunan ɗanta ya gagare ta. Takan ce haka ta taso ta gani. Shi kuma yana yaro "Inna" yake ce mata, da ya shiga makaranta ya ji yara suna cewa "Ummi," ya koma ga wannan.

Da ya gama jami'a ya sami aiki a baladiya, hukumar birni, sashen lasisin shaguna. Aikinsa ya fita da awo ya duba faɗin allon shago, ya duba ko akwai abin kashe gobara, ya dawo ya sa hannu. Ya yi aikin da kyau, ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Sai dai duk wanda ya zo gabansa da safe, da yamma yana falon Safiyatu: ga mai gidan burodi ɗan Afganistan, ga tsohon Bamadine mai tasbaha da ke cewa kakansa ya buɗe shago kafin a haifi baladiya. Lurwanu ya kwaikwayi tafiyarsu, tarinsu, yadda suke riƙe takarda. Hamid yakan yi dariya har ya kwanta. Ita takan ce, "Mutunci dai," tana juya fuska don kada a ga bakinta.

A cikin masu neman lasisin akwai wani Ba'indiye daga kudancin ƙasarsu, mai shagon gyaran bidiyo a Al-Sih. Suka saba. Shi ya riƙa ara wa Lurwanu kasakasan finafinan yarensu, Kannada, waɗanda ma'aikata 'yan garinsu ke kallo ranar Juma'a. Lurwanu bai san ko kalma ɗaya ba. Faɗuwa yake kallo. Ya ce mutanen nan sun iya mutuwa: gwiwa ce ke fara saki, sai ƙugu, kai ne na ƙarshe, kuma ba sa tare ƙasa da hannu. Ya riƙa mayar da kaset baya yana sake kallo, sannan ya jera matasan falo ya gwada. Sau da yawa Safiyatu ta fito daga kicin ta same shi a ƙasa, ta tsallake shi ta wuce da tire.

Ya fara da gajerun wasanni da abokai suke sa wa a intanet. Wani mai shirya wasannin azumi ya gani ya kira shi. Ranar da ya ce zai ajiye aikin gwamnati, dangi suka cika gidan. Baffansa ya ce kakanninsu sun yi dako sun yi shara a garin nan don jikokinsu su zauna a ofis, shi kuma zai bar kujera ya koma abin dariya. Safiyatu tambaya ɗaya ta yi: ko ya lissafa abin da iyalinsa za su ci na shekara biyu in abin bai karɓu ba. Ya ce ya lissafa. Ta ce to.

Baƙar fata a wasannin nan direba ne, ko mai gadi, ko abokin da za a kashe don jarumi ya yi fushi. Lurwanu ya karɓi duk abin da aka ba shi, ya mutu a cikin mota, ya mutu a bakin rijiya, ya mutu a kan kujerar aski. Daraktoci suka gane cewa in ana son mutuwar da za ta tsaya wa mai kallo a rai, shi ake kira. Yana da ɗabi'a ɗaya da kowa ya sani a wurin ɗauka: in ya faɗi ba ya tashi ko an ce an gama. Yakan ci gaba da kwanciya ana tattara wayoyi ana tsallake shi, sai wani ya ce abinci ya iso, sannan ya miƙe zumbur, a kwashe da dariya.

A ƙarshen 2015 aka yi zaɓen majalisun baladiya, wanda a cikinsa mata suka fara jefa ƙuri'a. Lurwanu ya tsaya. Mutane suka cika tantinsa don su yi dariya, shi kuwa ya tsaya ya yi musu bayanin magudanar ruwa, da dalilin da ya sa titin bayan makarantar 'yan mata ke cika in an yi ruwa, da wane ofis ne takarda ke kwana a cikinsa. Ya san hanyoyin baladiya tun daga ciki. Wani dattijo ya ɗaga murya ya ce, "To ka faɗi ƙasa mana sau ɗaya mu tafi!" Ya ce sai an zaɓe shi. Aka zaɓe shi. Safiyatu ta je ta yi layi a karo na farko a rayuwarta. Ta ji daɗi da ta ga alama kawai ake yi a gaban suna, ba sai an furta shi ba.

A majalisa bai yi abin da za a rubuta a tarihi ba. An sa fitilu a wasu lunguna, an yi tudun rage gudu a gaban makarantu biyu, an gyara rumfunan masu dabino. Ya sha cewa majalisa shawara take bayarwa, wasu ke yanke hukunci. Da wa'adinsu ya ƙare ya koma wasa, furfura ta fara fito masa, aka fara ba shi matsayin dillalai da surukai. Mutuwar dai ba a daina ba shi ba.

*

Ta idar da magariba ke nan Hamid ya shigo ba sallama. Bai zauna ba.

"Ummi, ki sa abaya. Yaya yana asibiti."

"Me ya same shi?"

"Ya faɗi."

"Na gani ai. Ka ma yi dariya."

Ta dubi Hamid, ta ga rigarsa a jiƙe a ƙirji. Ta ce, "Wace faɗuwa?" Ya ce, "Wannan ɗin." Sai ta nemi kujera.

A asibiti likita ya ce zuciya ce, kuma an kawo shi babu rai. Ta tambaye shi, da an kawo shi da wuri fa? Ya ce ba zai iya cewa ba. Ta ce ba ta'aziyya take nema ba, amsa take nema. Ya sake cewa ba zai iya cewa ba, ta gane iyakar gaskiyarsa ke nan.

Darakta yana tsaye a baranda, har yanzu da hular rana a kansa. Shi ya ba da labarin, yana yi yana share fuska. Lurwanu ya yi rantsuwar, ya faɗi, faɗuwar da ba su taɓa ganin irinta ba. An ce an gama, kowa ya tafa. Bai tashi ba, ba wanda ya damu. Aka ɗauki hoto, aka tura, aka karanta masa amsoshin 'yan gida ana dariya. Aka juya fitilu don ɗaukar gaba. Sai da aka kusa kiran sallah wani ya ce abinci ya iso. Bai motsa ba. Aka sake faɗa.

Washegari aka wanke shi a sharshura, ɗakin wankan mamata. An bar ta ta shiga ta ga fuskarsa. Akwai ɗan ƙujewa a kumatunsa na dama, inda ya bugi ƙasa. Bai tare da hannu ba. Bayan azahar aka yi masa sallah a Masallacin Annabi tare da sauran gawarwakin ranar. Daga sashen mata ba a ganin komai, murya kawai ake ji. Maza suka ɗauke shi da sauri suka shiga maƙabartar Baƙi'a. Mata ba sa shiga. Ta tsaya a bakin shinge tana kallon ƙura da tattabaru. Hamid ya fito ya nuna mata wani gefe da hannu, ya ce can ne. A Baƙi'a ba a rubuta suna.

Mutane suka yi ta cewa ya yi sa'a, ya kwanta maƙwabcin sahabbai. Ta amsa kowace gaisuwa daidai. A daren ta'aziyya na biyu, tsakanin magariba da isha, ana zagayawa da gahawa, ta ji wata tsohuwa a bayanta tana magana ƙasa-ƙasa da Hausar Chadi.

"An ce rantsuwa ce maganarsa ta ƙarshe. Wai kada Allah ya kai shi magariba."

"Subhanallah. Kuma bai kai ba."

"Allah dai ya sa mu cika da kyau."

Safiyatu ba ta juya ba. Abin da suka faɗa shi ne abin da ke cinta tun a barandar asibiti. Ta san wasa ne, ta san Allah ya san wasa ne. Amma ta koyar da yara shekara da shekaru cewa abin da ba a auna ba ba a san shi ba, kuma abin da aka sani a nan ɗaya ne: kalmar ƙarshe da mutane suka ji daga bakin ɗanta rantsuwar ƙarya ce. Ko ya sami sararin faɗin wata bayanta, ba wanda ya sani. Ta tambayi darakta, ya ce ya cire abin kunnensa don ya tafa. Ta tambayi mai kwalliya, ya ce ya ga leɓensa na motsi, ya ɗauka dariya yake dannewa.

Da aka gama zaman makoki, wani mutum ya zo da hantsi ya nemi Hamid. Dogo ne, mai furfura a gemu, da jaka a kafaɗa. Sunansa Mu'azzam, Bahaushen Sudan ne daga Mai Wurno, shi ne mai ɗaukar sauti. Ya zauna a bakin ƙofar falo, bai yarda ya hau kujera ba.

"Hajiya, ni ne na maƙala masa abin magana a ƙirji, ƙarƙashin riga. Yana kama ko numfashi."

"To kai ka ji."

"Ban ji ba." Ya sunkuyar da kai. "Ustaz Lurwanu in ya mutu ba ya yin shiru. Yakan yi ta raɗa min magana da Hausa, ni kaɗai ke ji, ni kaɗai ke ganewa. Ya ce 'Mu'azzam, tururuwa ta shiga wandona.' Ya ce 'Mu'azzam, dubi tumbin darakta.' Sau biyu dariyata ta ɓata ɗauka, aka yi min faɗa. Tun daga nan, da zarar ya faɗi sai in zame abin kunne in rataya a wuya. Ranar ma haka na yi."

"Na'urar fa?"

"Ban kashe ta ba sai da aka yi ihu." Ya ciro wani ɗan kati da bai kai farcen babban yatsa ba. "Yana nan. Babu shi a wani wuri. Kamfani sun ce an cire wurin daga wasan. Ni ban iya saurara ba, Hajiya. Kullum ina ɗauko shi in mayar."

Hamid ya ce a bari, ko shi ya fara ji. Ta ce a'a. Mu'azzam ya haɗa na'urar, ya miƙa mata abin kunnen, ta ɗora shi a kan mayafinta. Su biyun suka koma bakin ƙofa.

Da farko iska ce a cikin ganyen dabino, da bugun wani abu kusa-kusa, wanda ta daɗe kafin ta gane zuciyarsa ce. Sai muryar dillalin, mai ƙarfi, ta yi rantsuwar har ƙarshe. Sai ƙarar faɗuwa. Aka ce an gama, tafi ya tashi daga nesa kamar ruwa a kan kwano.

Sai raɗa, da Hausa.

"Mu'azzam. Ɗan'uwa. Ba wasa ba ne."

Numfashi.

"Mu'azzam."

Ta ɗaga ido. Mutumin yana zaune a bakin ƙofa, hannayensa a kan gwiwa, yana kallon fuskarta. Ta mayar da idonta kan tabarma.

An daɗe ba komai sai numfashi mai ja, da takun mutane suna wucewa, wani yana neman igiyar wuta. Sai takun ya matso. Mai kwalliya ne, yana dariya, yana cewa, "Ya Abu Rumaisa, an amsa maka. Ga ɗan'uwanka, ga 'yarka tana maganar takalmi. Allah, har Hajiya ta yi magana! Saurara." Sai ta ji muryarta, ƙarama, daga cikin waya, dab da kunnensa: in ka gama mutuwar, kada ka manta da na'ana'a. Takun ya yi nisa.

"Inna," in ji shi.

"Na'am," in ji ta a cikin falon, da ƙarfi, har Hamid ya miƙe. "Na'am, Lurwanu."

Ba ta cire abin kunnen ba. Numfashin ya riƙa yankewa yana dawowa. Sai ya fara, a hankali, kamar mai hawa matakala da kaya. La ilaha. Ya tsaya. Ta riƙe nata numfashin. Illallah. Bayan wannan babu wata kalma. Ta ci gaba da saurare har aka ce abinci ya iso, har aka sake faɗa, har ihu ya tashi, sauti ya yanke.

Ta cire abin kunnen ta ajiye a kan cinya.

"Hajiya," in ji Mu'azzam, "ya yi magana?"

"Ya yi shahada. Ita ce ta ƙarshe."

Mutumin ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa suna rawa. Can ya ɗago. "Ba abin da ya ce kafin nan?"

Safiyatu ba ta iya ƙarya ba, ɗalibanta ma sun san haka. Ta dube shi.

"Ya kira ni," in ji ta. "Katin nan zai zauna a wurina."

Ya ce nata ne.

*

Kayansa ba su da yawa kamar yadda aka zata. Fararen rigunansa Nadiya ta wanke ta goge, Hamid ya kai wa ma'aikatan gonar da abin ya faru a cikinta. Su ne suka ɗauke shi zuwa mota. Rigar dillalin ta kamfani ce, amma an yanka ta a asibiti, ba su nema ba, Nadiya ta ƙone ta a bayan gida. Alkyabbar da yake sawa in za shi zaman majalisa an ba baffansa. Kasakasan Kannada suna cikin kwali a saman sif. Ba'indiyen ya daɗe da komawa gida, ba kuma na'urar da za ta kunna su, amma Rumaisa ta ce a bar mata. Awon ƙarfe na zamanin baladiya yana cikin aljihun teburin kicin, ana amfani da shi.

Motar kuwa, Hamid ne ya ɗauka. Ranar farko da ya zo da ita ya buga ƙofar sau biyu. Safiyatu ta fito ta ce ya kai a gyara ƙofar nan yau, kafin ya sake tsayawa a ƙofar gidanta. Aka gyara.

Katin ta sa a ƙaramin turmin tagulla da take daka citta da kanumfari, ta daka shi har ya zama gari, ta zuba a shara ta wanke turmin. Ta aika wa tsohuwar nan ta Chadi da abinci, da saƙo cewa ya cika da kalmar shahada, ita ta ji da kunnenta. Ta san kafin Juma'a maganar za ta zaga inda ya kamata.

Na'ana'ar kuwa a motar aka same ta, a ƙarƙashin kujerar gaba, an naɗe ta da jarida, an ɗaure da zaren kaba. Mai gonar ya ce tun da azahar Lurwanu ya tsinka, da hannunsa, ya ce ta mahaifiyarsa ce. Ta bushe ƙamas. Safiyatu ta murje ganyen ta zuba a kwalba. Bayan sallar asuba takan sa ɗan kaɗan a shayi. Ta kai ta har cikin goman ƙarshe na azumi, sannan ta wanke kwalbar ta mayar cikin sauran.